Mene ne feshin baƙin rami, kuma yaya ake kama shi a hoto?

Idan ka ji masu ɗaukar hoton sararin samaniya don sha'awa suna murnar sun kama feshin M87, wani siririn zaren haske mai shuɗi-shuɗi suke nufi. Yana fitowa ne daga cibiyar M87, ƙaton gungun taurari mai siffar ƙwai, wanda haskensa ke yin kusan shekara miliyan 55 a hanya kafin ya iso mana. Charles Messier ya gano gungun a 1781, amma sai a 1918 Heber Curtis ya lura da zaren a wani hoto a cibiyar binciken taurari ta Lick da ke Amurka.

A tsakiyar gungun akwai baƙin rami, wato wuri mai tsananin ƙarfin janyo abubuwa zuwa cikinsa, mai nauyin da ya ninka na rana sau biliyan 6.5, wanda duniya ta ga hotonsa a Afrilun 2019. Sai dai feshin ba daga cikinsa yake fitowa ba, domin abin da ya faɗa ciki ya tafi ke nan, ko da haske ne. Gas mai tsananin zafi ne ke kewaya ramin, ƙarfin maganaɗisu da ya murɗe a wurin ya fizgi wani kaso nasa ya cilla waje, da gudun da ya kusa kamo na haske. Ɓangaren da ake gani ya kai tafiyar haske ta shekara 5,000. Feshin biyu ne ma. Wanda ya doso ɓangarenmu gudunsa na ƙara masa haske, ɗan'uwansa da ya ba mu baya kuwa ya dusashe.

Wajen ɗaukar hoto ne abin ke ba sabon shiga mamaki. An saba barin kamara a buɗe tsawon mintuna don ta tara haske, to a nan hakan ɓarna yake yi: cibiyar gungun sai ta zama farin dunƙule, ta haɗiye zaren. Dabarar ita ce a ɗauki gajerun hotuna masu yawa, a ɗora su kan juna a kwamfuta, sannan a sassauta hasken tsakiya. Feshin ƙarami ne ƙwarai a sama, bai kai kashi ɗaya cikin 80 na faɗin wata ba, don haka daren da iska ta lafa ya fi tsadar kamara amfani. Madubin hangen nesa mai faɗin inci takwas kan wadatar, kuma M87 ya fi ganuwa daga Maris zuwa Mayu.