Waiwaye: Yadda jinin finafinan ban tsoro ya yi ta sauya launi

Da wuya masoya tsofaffin finafinan ban tsoro su zauna hira ba a taɓo batun jini ba. Wani zai ce na finafinan shekarun 1960 fenti ne kawai, wani ya ce ai na yanzu da ake zanawa da kwamfuta ya fi shi muni. Abin da ake yawan mantawa a wannan musu shi ne, masu haɗa jinin nan ba kamannin jinin gaske kaɗai suke bi ba. Abu uku ke juya su: irin fim ɗin da ke cikin kyamara, zafin fitilun ɗauka, da hukumar tace finafinai. Duk lokacin da ɗaya daga cikinsu ya sauya, launin jini da kaurinsa sai sun sauya.

Sana'ar ta girmi sinima mai magana. Gidan wasan Grand Guignol na birnin Paris, wanda aka buɗe a 1897 ya kuma rufe a 1962, ya yi suna wajen nuna yanka da ƙwaƙule ido a gaban 'yan kallo. Jininsu gilisarin ne da jan rini na karmin, ana ɗumama shi kafin a shiga fage, in ya huce sai ya yi kauri ya daskare kamar na gaske.

A Amurka kuwa an daɗe ba a buƙaci jini mai yawa ba. Dokar tace finafinai da ake kira da sunan Will Hays an rubuta ta a 1930, aka fara aiki da ita gadan-gadan a 1934 ƙarƙashin Joseph Breen, kuma ta hana nuna kisa dalla-dalla. Sai a harbi mutum ya dafe ƙirji ya faɗi, rigarsa fes. Inda ake buƙatar ɗan ɗigo, ruwan cakulan ake sawa, domin fim baƙi da fari ba ruwansa da ja. Jan ruwa yakan fito toka-toka, ba kauri ba kwarjini, cakulan kuwa yana fitowa baƙi-baƙi yana sheƙi, yana gangarowa a hankali.

Nan ne ya kamata a tsaya a kan Psycho na Alfred Hitchcock, 1960. An kwashe kusan mako guda a watan Disamba na 1959 ana ɗaukar wurin da aka kashe matar da Janet Leigh ta fito a matsayinta a banɗaki, an kafa kyamara sau 78, aka yanka hoton sau 52, duk don abin da bai kai minti guda ba a tsakiyarsa. Jinin da ke bin ruwa yana shiga magudana cakulan ne. Ƙarar shigar wuƙa kuwa wani nau'in kankana aka riƙa sokawa a gaban makirfo. Wanda ya tsayar da fim ɗin ya bi shi hoto bayan hoto zai ga ba wani buɗaɗɗen rauni da aka nuna, kuma jinin kaɗan ne ƙwarai. Saurin yanka hoto da kukan goge a kiɗan da Bernard Herrmann ya tsara su suka cike sauran a kan mai kallo. Hitchcock da kansa ya ce ɗaya daga dalilansa na ƙin yin fim ɗin da kala shi ne jan jinin zai yi yawa a ido. A ganina har yau ba a yi wurin da ya fi wannan nuna cewa tsoro ba a auna shi da yawan jini ba. George Romero ma cakulan ya yi amfani da shi a Night of the Living Dead na 1968, duk da cewa shi bai ɓoye komai ba.

Kala ce ta rikita lissafi. Kamfanin Hammer na Ingila ya fitar da The Curse of Frankenstein a 1957 da Dracula a 1958, duka masu kala, jinin cikinsu ja jawur, mai kauri, haske ba ya ratsa shi. Masu sana'ar a can suna kiran irin wannan jini Kensington Gore. Wanda ke masa dariya yau ya tuna cewa fim mai kala na wancan zamani yana buƙatar haske mai ƙarfin gaske, kuma ja mai duhu yakan rikiɗe ya koma ruwan ƙasa ko baƙi idan an wanke fim. Dole a ƙara masa haske kafin mai kallo da ke kujerar baya ya gane jini ne. Italiyawa sun ɗauki wannan ja suka mai da shi ado da gangan, kamar yadda Dario Argento ya yi a Suspiria na 1977, inda ba wanda ya nemi ya yi kama da gaske.

A Nuwamban 1968 aka jingine dokar Hays, aka kawo tsarin raba finafinai bisa shekarun mai kallo. Tun kafin nan Bonnie and Clyde na 1967 ya nuna abin da ke tafe, The Wild Bunch na 1969 ya ƙarasa. Dabarar nuna harsashi ya huda jiki ita ce a ɗaura wa ɗan wasa ƙaramin faifan ƙarfe a jiki, a ɗora ɗan mitsitsin abin fashewa a kai, sannan 'yar jakar roba cike da jini, a rufe da riga wadda aka kankare yadinta daga ciki don ta yage da sauƙi. Waya ce ke fita ta ƙafar wando zuwa batir. Matsalolin sanannu ne: in faifan ya goce ɗan wasa ya ƙone, in ba a raunana yadin ba jinin ya fashe ta ciki kyamara ba ta ga komai ba, in jinin ya yi kauri da yawa sai ya faɗo dunƙule maimakon ya fantsama. Kowace ɗauka kuma sabuwar riga take ci. Shi ya sa da yawa yanzu suka koma tura jinin da iska ta siririn bututu.

Mutumin da ya daidaita haɗin da ake bi har yau shi ne Dick Smith, mai kwalliyar The Godfather da The Exorcist da Taxi Driver. Tushen haɗinsa ruwan zaƙin masara ne mai suna Karo, wanda haske ke ratsawa. Sai jar kalar abinci da 'yar rawaya, da maganin hana ruɓewa, da wani sinadarin wanke hoto na Kodak mai suna Photo-Flo. Aikin wannan na ƙarshen shi ne ya sa jinin ya jiƙa yadi ya bazu a fata maimakon ya tsaya ɗigo-ɗigo. Guba ne, don haka wanda za a sa a baki ba a zuba masa shi. Haɗin ya yi kyau har ya jawo matsala: sai da darakta Martin Scorsese ya dusashe kalar harbe-harben ƙarshen Taxi Driver a 1976, jinin ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, kafin masu tacewa su ba shi matakin da zai shiga manyan gidajen sinima.  Quentin Tarantino ya bi wannan hanya a 2003, ya mai da babban faɗan Kill Bill baƙi da fari a kwafin Amurka, alhali na Japan ya fita da kalarsa.

Ba kowa ne ya dace ba. A Dawn of the Dead na 1978 mai kwalliya Tom Savini ya yi aiki da jinin kamfanin 3M, ya fito ruwan lemo mai haske. Savini bai so shi ba, Romero, daraktan fim ɗin, kuwa ya ce ya dace da shi, kuma yau wannan launin na cikin abin da masoyansa ke ƙauna. Masu The Evil Dead na 1981 ba su da kuɗi, sai suka haɗa Karo da jar kala da ɗigon shuɗi da garin madarar kofi don ya rage shara-shara. Sukari in ya bushe tauri yake yi, har jarumin fim ɗin, Bruce Campbell, ya ba da labarin rigarsa da ta bushe ta karye. Fim ɗin ya shiga jerin finafinai 72 da hukumomin Birtaniya suka sa wa ido a zamanin kaset, rikicin da ya haifar da dokar tace bidiyo ta 1984.

Mai son gwadawa yau zai iya farawa da kofi ɗaya na ruwan zaƙin masara. In babu, a dafa sukari kofi biyu da ruwa kofi ɗaya har ya narke, a bari ya huce. A zuba jar kalar abinci babban cokali ɗaya, garin koko ƙaramin cokali ɗaya, shuɗi ɗigo ɗaya ko biyu. Shuɗin ne ke ɓata aiki, ɗigo ɗaya in ya ƙaru sai haɗin ya koma shunayya. Jinin jijiyar da ke fitowa daga zuciya ja ne mai haske kuma tsinkakke, na tsohon rauni duhu ne mai kauri, saboda haka kwano ɗaya ba ya isar fim guda. A gwada shi a kan fatar ɗan wasan da kansa, ƙarƙashin fitilar da za a yi ɗauka da ita, domin abin da ya fito sarai a farar riga yana iya ɓacewa a fata mai duhu, sai an ƙara ja da sheƙi. A wuri mai zafi haɗin yana tsinkewa da wuri, yana kuma tara ƙuda da tururuwa. Ɗigon sabulun ruwa yana sa ya fita a wanki, amma wanda aka sa wa sabulu ba ya kusantar ido ko baki.

Jinin kwamfuta ya yaɗu ne tun farkon shekarun 2000 saboda dalilin da duk mai shirya fim ya sani: ba wankin riga, ba goge bango, ana iya maimaita ɗauka nan take, kuma in hukuma ta ce a rage sai a rage ba tare da an sake tara 'yan wasa ba. Inda yake tona kansa shi ne bayan fantsamar. Sai ka ga ya tashi a iska amma bai sauka a ƙasa ba, rigar ba ta jiƙe ba, ɗan wasan ma bai ƙifta ido ba domin ba abin da ya taɓa fuskarsa. Ƙwararru yanzu sukan haɗa biyun: a zuba na gaske a jiki da tufafi da daɓe, sannan a ƙara feshin sama da kwamfuta.