Waiwaye: Yadda Birnin Katsina Ya Tsallake Ganuwa, Igiya Ta Riga Taswira

Idan damina ta kankama a Katsina, akwai unguwannin da ruwan awa biyu ya isa ya hana yara zuwa makaranta. Lungu ya cika, kwata ta haɗe da ƙofar gida, mai Keke Napep ya sauke ka a bakin titi ya ce iyakarsa ke nan. Da rani kuma, a waɗannan lungunan dai, kurar ɗan garuwa ce famfon kowa. Akan ɗora laifin a kan leda mai toshe magudanai, ko a kan gwamnatin da ke ci a lokacin. Kowanne yana da kasonsa, amma matsalar ta girme su. Kusan shekara 40 ke nan garin yana faɗaɗa ta hanya guda: a fara kafa gida, daga baya a nemi inda hanya da ruwa za su bi.

Abin mamaki, Katsina ta daɗe tana da fili fiye da mutanenta. Ganuwar da tarihi ke dangantawa da zamanin Sarki Ali Murabus ba gidaje kaɗai ta kewaye ba. A cikinta akwai gonaki da makiyaya da kududdufai, don idan yaƙi ya sa an rufe Ƙofar Guga da Ƙofar Sauri da Ƙofar Durɓi da sauransu, mutane su samu abin ci, dabbobi su samu abin sha. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim a ƙasar Hausa, ya zo Katsina a 1851. Ya ƙiyasta zagayen ganuwar mil 13 zuwa 14, amma mutanen da ya tarar ba su wuce 7,000 zuwa 8,000 ba, su ma sun tattaru a gefe guda. Bayan Jihadi da hawan Ummarun Dallaje a 1807, yaƙe-yaƙe da Katsinawan da suka koma Maraɗi sun hana fatake sakewa, ciniki ya karkata zuwa Kano.

Zuwan Turawa bai sauya wannan da sauri ba. Lugga ya shigo ta Ƙofar 'Yandaka a 1903, Sarki Muhammadu Dikko ya hau a 1906. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, reshen da aka ja daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda ya bi ta Funtuwa, bai leƙo birnin Katsina ba. Gyaɗa da auduga suka bi layin dogo, 'yan ci-rani suka bi su. Katsina ta samu Kwaleji a farkon shekarun 1920, ta yi suna da ilimi da sarauta da wasan folo, amma ba ta yi cunkoso ba.

Sai dai zamanin ya bar wani gado da har yau ake fama da shi. Tsarin gari na takarda, mai faɗin titi da tazara tsakanin gidaje, an yi shi ne don unguwar Turawa da ma'aikatansu, wadda ta zama GRA. Cikin birni an bar shi a hannun En'e: mai unguwa ya san fegin kowa, in an yi rigimar iyaka a je gaban hakimi ko alƙali. Tsarin ya yi aiki saboda garin ƙarami ne, kowa ya san kowa, kuma mai hukuncin yana zaune a unguwar.

Shekarun 1970 ne suka fara girgiza wannan zama. Farin 1973 ya koro mutane daga karkara da ƙetaren iyaka, kuɗin man fetur ya buɗe ayyukan gwamnati da kwangila. A tsakiyar shekarun aka gama madatsar ruwa ta Ajiwa don shayar da garin, a farkon shekarun 1980 aka kafa kamfanin mulmula ƙarafa. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya karɓe ikon gudanarwa daga hannun sarakuna, sannan Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa filayen birane a hannun gwamna. A takarda, mai unguwa ya fita daga harkar fili. A zahiri, har yau shi ake kira ya shaida ciniki.

Ranar 23 ga Satumba, 1987, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta cire Jihar Katsina daga tsohuwar Jihar Kaduna. Dare ɗaya garin ya zama fadar gwamnati. Ma'aikata suka kwaso iyali daga Kaduna, ma'aikatu suka buƙaci ofisoshi, bankuna da 'yan kwangila suka biyo baya, bayansu kuma magina da leburori da masu sayar da abinci. Ƙidayar 1991 ta ba jihar mutum miliyan 3.7 da ɗoriya, ta 2006 ta ba ta miliyan 5.8. Ƙaramar hukumar Katsina kaɗai an ƙidaya mata kimanin mutum 318,000 a 2006. Tun daga nan ba a sake ƙidaya a Najeriya ba, wato duk mai tsara bututun ruwa ko ajin firamare a garin yau da hasashe yake aiki. Kuma adadin ma bai kama waɗanda suka tsallaka cikin ƙasar Batagarawa ba, alhali kowace safiya cikin gari suke shigowa neman abinci.

A nan ne awon igiya, wato yanka gona fuloti-fuloti da igiya ba tare da taswirar hukuma ba, ya samu gindin zama, kuma ya kamata a fahimci dalilinsa kafin a zage shi. Dokar 1978 ta ba gwamna ikon karɓar fili don amfanin jama'a, diyyar da ta tanada kuwa ta abin da ke kan filin ce, shuka ko itatuwa ko gini, ba darajar ƙasar kanta ba. To manomin da gari ya iso bakin gonarsa lissafi biyu ne a gabansa. Ko ya jira gwamnati ta karɓa ta biya shi kuɗin 'yan itatuwa, ko ya kira dillali su yanka gonar fuloti-fuloti ya karɓi kuɗi a hannu. Babu mai hankalin da zai daɗe yana tunani. Rabon gado ma yana ingiza abin, don gonar da aka raba wa magada goma ba ta nomuwa, sai sayarwa.

Dillali kuwa ribarsa a yawan fuloti take. Duk ƙafa ɗaya da ya bar wa hanya asara ce a wurinsa. Don haka ake barin lungun da mota ɗaya ba ta juyawa a ciki, ba a ware wurin makaranta ko asibiti ko maƙabarta, ba a tambayar ina ruwan sama yake bi a gonar tun kaka da kakanni. Mai gonar da ke maƙwabtaka shi ma ya yanka tasa yadda ya ga dama, sai lungun wannan ya je ya ci karo da bangon wancan. Mai saye ya karɓi takardar ciniki da sa hannun shaidu, ya zuba bulo, ya yi ɗaki biyu da shadda, ya tare. Ba ya neman izinin gini, saboda hukumar tsara birane za ta tambaye shi takardar da ba shi da ita.

Ni dai ban ga laifin mai sayen ba. Filayen da gwamnati ke yankawa ba su taɓa isar masu nema ba, kuma kowa ya san wanda ya fi kusa da ofis shi ya fi kusa da fuloti, sau da yawa ma ba don ya gina ba, don ya ajiye ya sayar. Rukunin gidajen da aka gina, daga na Shagari zuwa Goruba da Barhim, sun taimaki ma'aikata masu albashi, amma mai faci da mai shayi da malamin allo ba sa cikin lissafin. Awon igiya ne ya ba talakan Katsina muhalli. Kuɗin hanya da magudana da aka ƙi biya ranar yanka, su ne ake biya yanzu da rushewar katanga da zazzaɓin cizon sauro.

Cikin birni ma bai tsira ba. Kududdufan nan da ake ƙyama, asalinsu ramukan da aka haƙi ƙasar gini ne, kuma su ne ke shanye ruwan sama kafin ya gangara rafukan Ginzo da Tille. Da fili ya yi tsada sai aka riƙa cike su da shara, a danne da ƙasa, a sayar. Ruwan bai san an yi ciniki ba, in ya zo wurinsa yake nema. Ga siminti da kwanon rufi sun maye gurbin ƙasa mai tsotse ruwa. Ganuwar kanta haka ta tafi, wani ya ɗebi ƙasa, wani ya jingina gini, har ta zama sai 'yan guntaye da ƙofofin da aka sake ginawa da siminti. Wanda yake ganin hanyar ruwa abin wasa ce, ya tuna Jibiya a watan Yulin 2018, inda ambaliyar dare ɗaya ta kashe fiye da mutum 40.

Ruwan sha ya bi irin wannan tafarki. Ajiwa an yi ta ne don Katsinar shekarun 1970. Madatsar Zobe da ke kusa da Dutsin-Ma an gama ta tun 1983, amma aikin tace ruwanta da turo shi sai a 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shi. Shekara 38 ke nan tsakani. Kafin nan mai hali ya haƙa rijiyar burtsatse, marar hali ya koma wa ɗan garuwa, wanda in ka lissafa jarka-jarka ya fi kuɗin famfo tsada nesa ba kusa ba. Ko ruwan ya wadata a babban bututu, shigar da shi unguwar da ba ta da miƙaƙƙen layi wani aiki ne daban. A ƙaramin fuloti kuma, rijiya da shadda sukan zama maƙwabtan juna, abin da ma'aikatan lafiya ke yawan jan kunne a kai duk lokacin da amai da gudawa ya ɓulla.

Ba a ce gwamnatoci sun naɗe hannu ba. Daga zamanin Umaru Musa 'Yar'aduwa zuwa na Ibrahim Shema an faɗaɗa manyan tituna, an yi hanyar zobe, an kafa jami'ar jiha a 2006 a kan hanyar Dutsin-Ma. Gwamnatin Aminu Bello Masari ta yi gadojin ƙasa a Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Kwaya, waɗanda aka buɗe a farkon 2023. Ayyuka ne masu amfani, sai dai kusan dukkansu a kan manyan hanyoyi suke, inda ido ke gani. Kuma kowace sabuwar hanya ko makaranta tana jawo dillalai zuwa gonakin gefenta tun kafin kwalta ta bushe. In daga baya aka zo buɗe titi a unguwar da ta riga ta cika, sai an rushe gidaje an biya diyyar gini, kuɗin da ya ninka abin da za a kashe da an shata layin tun wurin yana gona.

Sai kuma abin da babu mai taswirar da ya hango. Daga wajen 2019 hare-haren 'yan bindiga suka tsananta a Batsari da Safana da Ɗanmusa da Jibiya da Ƙanƙara da Faskari da maƙwabtansu. Mutanen da suka baro garuruwansu ba aikin gwamnati ya kawo su ba, ba kuma kasuwa ba. Da yawa mata ne da yara, suka raɓa a gidajen 'yan'uwa, ko kangaye, ko ɗakin haya ɗaya a bakin gari. Masu ɗan hali a ƙauyuka su ma suka sayar da dabbobi suka sayi fegi a birni don su samu wurin kwana da ido biyu rufe. Haya ta tashi, ajin firamare ya ƙara cika, samarin da suka taso da fartanya suka koma acaba da tura kura. Garin da dama yake kuka da ƙauraye, wato 'yan daba, da shaye-shaye ya ƙara samun matasa marasa abin yi.

Yanzu manyan ayyuka biyu ne ke shirin sake ja wa garin iyaka. Ɗaya ita ce hanyar da ta kewaye gabashin birni, mai tsawon kusan kilomita 24, wadda gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ta gina aka buɗe a 2025. Ɗayan kuma layin dogo ne daga Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a 2021, zai kuma kawo wa Katsina jirgin da ya wuce ta a zamanin Turawa. Da yawa daga gonakin da ke gefensu suna ƙasar Batagarawa da Kaita ne, ba ƙaramar hukumar Katsina ba, kuma dokar diyya tana nan yadda take tun 1978.