Daga fitilar man gyaɗa zuwa sola: waiwaye kan dogaro da kai a karkarar Katsina

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, sannan Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi, ake ta muhawara a Katsina kan ko ƙauyukanmu za su iya tsayawa da ƙafafunsu wajen mulki da makamashi. Da yawa suna magana kamar jiya ƙafar ta karye, alhali raunin ya kai shekara hamsin.

Kowa ya san zamanin En'e da baitulmali, da garambawul ɗin ƙananan hukumomi na 1976, da ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, wadda yau take da ƙananan hukumomi 34. Shekaru ukun da suka gabaci 1976 ne ake tsallakewa, kuma a ganina nan ne gizo ke saƙa.

Kafin farin 1973, ƙauye a ƙasar Daura ko Mani yana samun yawancin makamashinsa daga gona da daji: itace da kara da kashin shanu don girki, jaki da takarkari don kaya, mata kuma su matse gyaɗa su yi ƙuli-ƙuli, man ya shiga tukunya, a wasu gidajen har fitilar kasko. Idan rijiya ta cike ko hanya ta zaizaye, dagaci ne zai sa a yi shela, a fito gayya. Gyaɗar nan ita ce kuɗin haraji da na aure da na tufafi. Sai fari ya kashe dabbobi da itatuwa, ya kori magidanta zuwa ci-rani, mutane ba su gama farfaɗowa ba annobar da ƙananan ƙwari ke yaɗawa ta afka wa gyaɗa a 1975, ta durƙusar da nomanta a Arewa. A daidai wannan lokaci farashin ɗanyen mai ya ninka kusan sau huɗu a kasuwar duniya, kuɗin mai ya shigo wa gwamnati, kananzir da fetur masu rahusa a cikin gida suka kutsa har lungu. Ƙauye ya rasa kuɗin kansa da makamashin kansa a tare, kuma ba laifin manomin da ya karɓi sauƙin da ya zo masa ba ne.

Saboda haka sababbin ƙananan hukumomi sun gaji jama'ar da ba ta da abin bayarwa, ido ya koma kan kason tarayya, gayya kuma ta riƙa ja da baya a gaban kwangila.

Yau mai noman rani a bakin madatsar Jibiya ko Zobe yana lissafin litar fetur kafin ya tayar da injin ban ruwa, shi ya sa sola ke samun karɓuwa, kuma dokar lantarki ta 2023 ta bai wa jihohi damar tsara kasuwar wutarsu. Amma allon sola da famfonsa daga waje suke zuwa. Rijiyoyin burtsatse da na ga suna ɗorewa su ne waɗanda unguwa ta naɗa wa kwamiti, ana karɓar ɗan abin da ya sawwaƙa a kan kowace jarka, ana ajiyewa don ranar da famfo zai lalace.