Waiwaye: Yadda aka yi ta rage zango tsakanin Landan da Sidni

Idan aka ɗauki ƙwallon taswirar duniya, aka kafa zare a kan Landan, aka ja shi har ya miƙe sosai zuwa Sidni da ke Ostareliya, tsawon da za a samu shi ne gajeruwar hanyar da ke tsakaninsu: kusan kilomita 17,000. Zaren zai ratsa Rasha da Kazakistan da Sin da Indonesiya. Kewayen duniya kuwa kusan kilomita 40,000 ne, wato babu wasu wurare biyu da tazararsu za ta wuce 20,000. Shi ya sa wannan hanya ta daɗe tana ba masu ƙera jirage ciwon kai.

A 1919 ne Ross Smith da ɗan'uwansa Keith suka fara kai jirgi daga Ingila zuwa Ostareliya. Sun tashi da jirgin Vickers Vimy, suka sauka a Darwin da ke arewacin Ostareliya bayan kusan kwana 28, suka karɓi kyautar fam 10,000 da gwamnatin Ostareliya ta sa. Zuwa 1935 an fara ɗaukar fasinja, ana shafe kusan kwana 12. A Disamban 1947 kamfanin Qantas na Ostareliya ya sa jirgin Lockheed Constellation mai ɗaukar fasinja 29 daga Sidni zuwa Landan, yana yada zango a Darwin, Singapo, Kalkata, Karachi, Alƙahira da Tarabulus, tafiyar kwana huɗu. Zuwan Boeing 707 a 1959 ya rage lokacin sosai, daga baya kuma 747 ya mayar da tafiyar mai zango ɗaya.

Wannan zango ɗaya shi ne ya ƙi fita, kuma dalilin mai ne. Jirgin da zai yi dogon zango dole ya tashi da tankuna cike, nauyin man kansa kuma yana ƙara cin mai, don haka wani kaso na man yana ƙonewa ne kawai wajen ɗaukar sauran. Kowane ƙarin tan na mai yana nufin rage kujeru ko kaya, a nan ne riba take zurarewa.

An dai nuna cewa abin mai yiwuwa ne tun Agustan 1989, lokacin da wani 747-400 na Qantas ya tashi daga Landan bai tsaya ba sai Sidni, cikin awa 20 da minti 9. Amma mutanen da ke ciki ba su kai 30 ba, an zuba masa mai na musamman mai nauyi, kuma jan sa aka yi har bakin titin tashi don kada a ɓarnatar da ko lita ɗaya. Ya cinye kilomita 18,001, wato ƙarin kusan 1,000 a kan lissafin zare. Jirgi ba ya bin zare: yana bin hanyoyin da masu kula da zirga-zirgar sama suka shata, yana neman iska mai tura shi. Iskar sama mai ƙarfi daga yamma take kaɗawa zuwa gabas, don haka dawowa Landan ta fi zuwa Sidni cin lokaci. Ga kuma siyasa: tun 2022 jiragen ƙasashen Yamma suke kauce wa sararin samaniyar Rasha.

A Maris 2018 aka fara jigila kai tsaye tsakanin Perth, da ke yammacin Ostareliya, da Landan da jirgin Boeing 787-9, kusan kilomita 14,500 cikin kimanin awa 17. Domin cike ragowar tazarar zuwa Sidni, a 2022 Qantas ya yi odar Airbus A350-1000 guda 12, kowanne da ƙarin tankin mai na lita 20,000, da kujeru 238 kacal.