Kofaton doki da takalmin ƙarfe: amsoshin tambayoyin da ake ta maimaita mini

Duk shekara idan salla ta gabato sai masu dawaki a nan Tahoua su cika mini ƙofar gida da tambayoyi iri ɗaya, har daga Illela da Keita ake aiko mini da su. Na tattara su a nan domin kowa ya karanta tun kafin lokaci ya ƙure.

Bayan kwana nawa ake yanke kofato?

Ana yankewa bayan sati 6 zuwa 8. Kofato yana tsiro kamar farcen mutum, kusan santimita ɗaya a wata, kuma ba ya jiran hawan salla.

Yankan yana yi wa doki ciwo?

Ba ya yi, muddin mai yankan bai kai ga nama ba.

Na shafa baƙin man mota don kofato ya yi ƙyalli. Akwai laifi?

Akwai laifi babba, Alhaji, kuma na gaji da faɗa. Wannan mai ya riga ya ƙone cikin inji, datti ne kawai kake liƙa wa ƙafar dabbarka. Idan hunturu ya busar da kofato, a jiƙa ƙasar wurin shan ruwan dokin ya ɗan tsaya a kai, wannan ya isa.

Ya kamata in sa wa dokina takalmin ƙarfe?

Wannan ba ta da amsa guda, domin sai na san ƙasar da dokin yake takawa da aikin da yake yi. Dokin da yake yini a turke, ana kilisa da shi kan rairayi da yamma, ba ya bukatar ƙarfe ko kaɗan, gyara a kan kari ya ishe shi. Amma ƙasar Adar ƙasar duwatsu ce, wanda ya bi hanyoyin Bouza ya san tsakuwarta, kuma dokin da yake jan kaya ko yake yawan bin kwalta yana iya cinye kofatonsa fiye da yadda yake tsirowa. Irin wannan, idan ka ga yana taka tsakuwa a ɗarare, yana neman gefen hanya mai laushi, to mai yiwuwa takalmi ya taimake shi.

Duk da haka ina jan kunne. Takalmi yana hana kofato gogewa amma ba ya hana shi tsirowa, don haka dole a cire shi, a yanke, a mayar duk bayan sati 6 zuwa 8 ɗin nan, in ba haka ba gaban kofaton ya yi tsawo, dunduniya ta kwanta, jijiyoyin baya su ɗauki nauyin da ba nasu ba. Ƙusa kuma tana da hanyarta, wani farin layi siriri tsakanin bangon kofato da tafinsa, kuma idan ta kauce ciki kaɗan sai ta taɓa nama. An taɓa kawo mini wani doki da aka buga wa ƙusa a karkace, na ɗora tafin hannuna kan kofaton na ji shi da zafi kamar kaskon tuya, da muka zare ƙusar sai baƙin ruwa mai wari ya biyo ta. Ba kowane maƙeri ne ya san wannan aiki ba, ko da ya iya ƙera lauje da gatari. Idan babu gwani kusa da kai wanda zai riƙa dawowa, ni a ganina ka bar dokin babu takalmi, ka rage masa bin duwatsu, sai dai in likitan dabbobi ya duba ya ce akwai larura.

Kofaton yana wari, tsakiyarsa ta yi baƙi.

Ruɓewa ce, kuma daga turke take, musamman da damina. Doki yana tsaye cikin fitsari da kashinsa dare da rana, me kuke so ƙafarsa ta yi? A share wurin kullum, a zuba busasshen rairayi, a ƙwaƙule kofaton kowace safiya. Kada hankalinka ya tashi, idan an kama shi da wuri yana warkewa.

Bangon ya tsage, yaushe zai haɗe?

Ba ya haɗewa, sai dai sabo ya sauko daga sama ya ture shi, kuma kofato yana ɗaukar wata 9 zuwa shekara kafin ya sabunta duka.

Na ƙara masa gero saboda sukuwa, yanzu ya ƙi tafiya.

Idan yana miƙa ƙafafun gaba yana mayar da nauyinsa baya, kofatan kuma da zafi, hatsin ne ya yi masa yawa har cikin kofato ya kumbura. A janye hatsin nan take, a bar masa ciyawa, a tsayar da shi cikin ruwan sanyi, a kira likita yau ɗin nan. Kada a tilasta masa tafiya, kuma kada a yi masa sakiya da wuta.

Ya taka ƙusa a hanya, na cire, jini kaɗan ne.

Ƙanƙantar ramin ita ce abin tsoro, domin cutar tetanos, mai sandarar da jiki, tana son rami mai zurfi, doki kuwa ba ya jure ta. A wanke, a ɗaure da tsumma mai tsabta, a kai shi ofishin kula da dabbobi a yi masa allura, a kuma nuna wa likita daidai inda ƙusar ta shiga da tsawonta.