Waiwaye: daga samariya zuwa kulob, su wa ke aikin sa kai a Yamai?

Tun kafin a ji sunan kulob-kulob ɗin agaji irin su Rotary ko Lions a Yamai, Nijar na da nata tsarin taimakon juna. Gayya ce a gona, samariya ce a gari: sarkin samari ya sa a buga ganga, matasa su fito da fartanya da kwando, a yashe rijiya ko a yaɓe masallaci, ladan kowa hura da goro.

Da Seyni Kountché ya karɓi mulki a 1974, a tsakiyar fari da yunwa, sai ya mayar da samariya ƙashin bayan shirinsa na raya ƙasa. An gina azuzuwan makaranta, an dasa itatuwa, an share unguwanni. Sai dai aikin ya tashi daga na ganin dama ya koma na umarni, har wasu na kallon shugabannin samariya a matsayin kunnen gwamnati. Shi ya sa bayan taron ƙasa na 1991 tsarin ya yi sanyi, matasa suka koma zaman fada da shan shayi.

Kulob-kulob ɗin kuwa baƙi ne. A Chicago ta Amurka aka haife su: Paul Harris ya kafa Rotary a 1905, Melvin Jones ya kafa Lions a 1917. A Yamai galibi likitoci, lauyoyi, 'yan kasuwa da manyan ma'aikata ne ke ciki, su haɗu a otal, su tara kuɗin karo-karo. Talakan unguwar Talladje zai ce maka taron masu hannu da shuni ne, kuma bai yi ƙarya ba.

Amma ko maƙiyi ya yarda sun taɓuka wajen cutar shan inna. Rotary ta fara shirin PolioPlus a 1985, a 1988 kuma ta haɗa kai da hukumar lafiya ta duniya da UNICEF. Tafiyar ba ta zo da sauƙi ba, domin ƙin rigakafin da aka yi a Kano a 2003 ya sa cutar ta sake bazuwa a yankin. Duk da haka a 2006 aka cire Nijar daga jerin ƙasashen da cutar ta yi kaka-gida, a watan Agustan 2020 kuma aka tabbatar Afirka ta rabu da nau'in cutar na asali. Lions ta fi karkata ga lafiyar ido: awo, tabarau, aikin yanar ido.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne kuɗi ne ke fitowa daga kulob, ƙafa kuwa ta unguwa ce. Matar da ke bi gida-gida da akwatin sanyi a kafaɗa, tana ɗiga wa yaro magani sau biyu a baki, ta shafa masa tawada a farce, ba ta taɓa zama a teburin otal ba. Haka aka gani a ambaliyar 2020, lokacin da kogin Kwara ya malale unguwannin Saga da Kirkissoye: samarin fada da 'yan agajin Croix-Rouge, wato Red Cross, ne suka cika buhunan yashi, suka kwashe tsofaffi zuwa makarantu, kafin motocin tabarmi da shinkafa su iso.