Manufar "a'a huɗu" ta Biyetnam: babu sansanin Amurka a ƙofar gidan Sin

Tun da shugaban Amurka na lokacin, Joe Biden, ya je Hanoi, babban birnin Biyetnam, a Satumban 2023, aka ɗaga dangantakar Amurka da Biyetnam zuwa mataki mafi girma, ake ta raɗe-raɗin cewa Biyetnam ta juya wa Sin baya, wai har sojojin Amurka za su tare a tashar ruwan Cam Ranh. Masu yaɗa wannan ba su karanta manufar tsaron ƙasar ba.

Kundin manufar tsaro da Biyetnam ta fitar a Nuwamban 2019 ya hana abubuwa huɗu: shiga ƙawancen soja, haɗa kai da wata ƙasa don a yi wa wata taron dangi, bai wa sojan waje sansani ko barin a yi amfani da ƙasar wajen kai wa wani hari, da kuma amfani da ƙarfi ko barazana. Na huɗun ne sabo, ukun farko dama suna cikin manufar. Hanin ya hau kan kowa, Amurka ce ko Rasha ko Sin.

Ruɗanin daga wata jimla guda yake fitowa. Kundin ya ce gwargwadon hali da yanayi, Biyetnam na iya ƙulla dangantakar soja da ta ga ta dace da wasu ƙasashe. Wasu sun ɗauka wannan ya rushe sauran. Bai rushe ba. Abin da ya halatta shi ne sayen makamai, horo, da ziyarar jiragen yaƙi. Lokacin da jirgin dakon jiragen yaƙi na Amurka, Carl Vinson, ya tsaya a tashar ruwan Da Nang ta Biyetnam a Maris ɗin 2018, baƙo ne na 'yan kwanaki, ya zo ya tafi. Sansani kuwa zama ne na dindindin, irin wanda Rasha ta yi a Cam Ranh har 2002.

Kuma a lura, kundin ba dokar majalisa ba ne, babu kotun da za ta hukunta gwamnati idan ta saɓa shi. Shi ya sa jimlar nan ta "gwargwadon hali da yanayi" take da nauyi: gargaɗi ce ga Beijing cewa in aka matsa lamba a Tekun Kudancin Sin, Hanoi na da inda za ta dosa.

Me ya sa ba za ta yi ƙawance kawai ta huta ba? Ta taɓa gwadawa. Ta sa hannu kan yarjejeniyar abota da Tarayyar Sobiyet a Nuwamban 1978, amma da Sin ta tsallako iyaka a Fabrairun 1979, sojan Sobiyet bai shiga yaƙin ba. Ga kuma batun ciniki: Sin ce babbar abokiyar kasuwancinta, Amurka kuma babbar mai sayen kayanta.

Ana iya cewa manufar ta bar ƙasar ita kaɗai ranar da abin ya ɓaci, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai wanda ke kwana katanga ɗaya da Sin ba ya da damar zaɓen ɓangare da garaje. Wata uku bayan tafiyar Biden, a Disamban 2023, Hanoi ta shimfiɗa wa shugaban Sin Xi Jinping jar darduma.